Linux a kan tsohuwar laptop: wuraren da ake yin tuntuɓe

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin laptop da Windows 11 ta ƙi karɓa, saboda rashin TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura) ko tsufan na'ura, suka fara leƙen Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Cikin ire-irensa, wanda na fi ba da shawara a kansa shi ne Linux Mint. Sigar 22 ta fito a 2024 a kan tushen Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, kuma za a ci gaba da aiko mata gyaran tsaro har 2029. Kwamfuta mai RAM 4GB tana ɗaukarta ba tare da haki ba, musamman in aka zaɓi nau'in Xfce, mai fuskar allo marar nauyi, maimakon Cinnamon. Abin da aiki da ita ya koya mini shi ne, da wuya matsala ta taso daga cikin Linux ɗin kansa. Kusan kullum a mahaɗa take tasowa: inda ya haɗu da Windows, da wutar lantarki, da filashin wani, da takardar da aka rubuta a Word.

Mu fara da Windows, tunda mutane da yawa suna barin biyun a kwamfuta ɗaya. Windows tana da wata dabara mai suna Fast Startup. In ka kashe kwamfuta, ba ta mutuwa gaba ɗaya, kwanciya take yi ta bar diskinta a kulle. Sai ka shiga Linux ka buɗe ɓangaren da fayilolinka suke, ka ga kana iya karantawa amma ba ka iya ajiye komai, ko ma ya ƙi buɗuwa sam. Linux ne ya ƙi taɓawa da gangan, don kada ya rubuta a kan abin da Windows ke zaton ta bari yadda yake, a yi asarar fayil. Maganin yana can cikin Windows: buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta powercfg /h off, ka kashe ka kunna. Kafin ma a kai nan, in BitLocker, mai kulle diskin Windows da lambar sirri, yana aiki, rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda tun kafin ka taɓa saitin BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, domin canji kaɗan a can yana iya sa Windows ta nemi makullin, kuma in babu shi babu shiga. In kuma manhajar girkawa ta ce ba ta ga diski ba alhali yana nan, yawanci saitin diski (SATA) a BIOS ne yake kan Intel RST, ana bukatar mayar da shi AHCI, amma sai an shirya Windows da wannan canjin tukuna, in ba haka ba ita ma ta ƙi tashi.

Sai agogo. Duk wanda ya haɗa biyun a Kano ko Maraɗi zai lura cewa bayan ya fito daga Linux, agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya cif. Dalili shi ne Linux yana rubuta lokacin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, a agogon cikin na'ura, Windows kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari, mu kuma Najeriya da Nijar muna gaban UTC da awa guda. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Akara ba su san da wannan ciwon kai ba, don lokacinsu da UTC ɗaya ne. Layi ɗaya a Terminal, tagar rubuta umarni a Linux, ya isa: timedatectl set-local-rtc 1. Zai yi maka gargaɗi game da ƙasashen da ke canza agogo da bazara da hunturu. Mu ba ma yin haka, don haka kada ya dame ka.

Darasin da ya fi kowanne tsada shi ne na sabuntawa da ɗauke wuta. Yawancin laptop na hannu batirinsu ya gaji, da an ɗauke wuta sai su mutu nan take. In hakan ta faru ana tsakiyar sauke fayiloli daga intanet, babu komai, a ci gaba daga baya. In kuwa ta faru a lokacin da ake girka su, to an bar tsarin da ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje: wasu manhajoji an kwance su ba a ƙarasa ɗaurawa ba. Alamarsa ita ce Update Manager ya riƙa ƙorafi, ko ka kasa girka komai. Umarni biyu a Terminal ne ke warware mafi yawansa, bi da bi: sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Na farko yana ƙarasa abin da aka yanke, na biyu yana cike abin da ya ɓace. In allon shiga ma ya ƙi fitowa, danna Ctrl, Alt da F2 tare, za ka samu baƙin allo mai neman sunanka da kalmar sirri, ka rubuta su a can. Kada ka tsorata in kana buga kalmar sirri ba ka ga ko ɗigo ba; haka yake, tana shiga. Amma rigakafi ya fi magani: kada ka fara babbar sabuntawa sai caji ya wuce rabi ko janareta na aiki.

Wani lokaci sabon kanel, wato zuciyar tsarin, shi ke zuwa da rigima: Wi-Fi ya ɓace, ko allo ya yi baƙi. Tsohon yana nan ba a goge shi ba. Yayin kunnawa riƙe Shift, ko ka danna Esc a na'urori masu UEFI (sabon salon BIOS), jerin zaɓin tashi mai suna GRUB zai fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi kanel na baya.

Nan ne Timeshift, wata manhaja a Linux Mint, yake da rana. Yana ɗaukar hoton tsarin yadda yake, ka iya komawa gare shi in wani abu ya ɓaci. Kuskure biyu ake yi da shi, kuma duka biyun suna da zafi. Na farko, zaton yana ajiye takardunka da hotunanka. A saitinsa na asali ba ya taɓa abin da ke cikin foldar gida. Tsarin kawai yake karewa, don haka rubutun digirinka yana bukatar nasa kwafin a diskin waje. Na biyu, barinsa ya tara hotuna a ƙaramin diski. A SSD mai 128GB, in an bar shi yana ɗauka kullum, wata rana wuri zai ƙare ƙaf, kuma alamar tana da ruɗarwa: ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi ƙiftawa, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri. Mutum sai ya ɗauka ya manta ta ne. Shiga baƙin allon nan, rubuta df -h, in ka ga 100% a layin da ke da alamar /, ka gano ɓarawon. sudo timeshift --list zai nuna hotunan, ka goge tsofaffi, ka bi da sudo apt clean. Hoto biyu na mako-mako, da ɗaya da ka ɗauka da hannunka kafin babban canji, sun wadatar.

Batun data kuwa, a kula da Software Manager, inda ake sauke manhajoji. Manhaja ɗaya tana iya zuwa iri biyu: ta ma'ajiyar tsarin, da ta Flatpak. Ta Flatpak ta fi zama sabuwa, amma karon farko tana janyo wasu manyan kayan tallafi, sai ƙaramar manhaja ta cinye ɗaruruwan megabait. Duba girman da aka rubuta kafin ka danna. In wayarka ce intanet ɗinka, haɗa ta da kebul ka kunna rabon intanet ta USB. Linux yana ganinta ba tare da wani direba (manhajar da ke sa kayan na'ura aiki) ba, kuma ita ce mafita ranar da katin Wi-Fi na Broadcom ya ƙi aiki bayan girkawa, don ta nan za ka buɗe Driver Manager ka sauke direbansa.

Filashi ma yana da nasa tarko. Linux yana tara abin da ake kwafa a RAM, yana zuba shi a filashi a hankali. Sai ka ga ma'aunin kwafi ya cika, ka zare, ka isa shagon buga takardu fayil ya ƙi buɗuwa. Danna alamar fitarwa ka jira har ya ce an gama, ko ka rubuta sync a Terminal ka jira ya dawo. Ga babban bidiyo a filashi mai arha, jiran yana iya kai minti da yawa.

Takardun Word su ne abin da ke kore mutane da yawa, alhali rabin matsalar salon haruffa ne. An rubuta takarda da Calibri, babu shi a Linux, LibreOffice, mai tsaya wa Word a Linux, ya sa wani a madadinsa mai faɗi daban, sai shafi 40 ya zama 43, tebur ya tsallake. Girka fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea. Faɗin haruffansu daidai yake da na Calibri da Cambria, layuka sai su zauna inda suke. Times New Roman da Arial kuwa salon Liberation yana tsaya musu, ko a girka ttf-mscorefonts-installer. Abin da za a buga a shago, mayar da shi PDF tun daga gida. Abin da wani zai gyara, ajiye shi a docx, kada ka aika masa odt, irin fayil ɗin LibreOffice, ya kira ka yana tambayar mene ne wannan. Gaskiya ɗaya dai: mai aikin Excel mai ɗauke da macro (umarnin da ke yin aiki da kansa) masu sarƙaƙiya, ko wanda abincinsa ke CorelDRAW, kada ya goge Windows ɗinsa.

Ga masu rubutun Hausa, haruffa masu lanƙwasa suna samuwa ba tare da an sayi komai ba. A saitin kibod akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Ghana, a ƙara shi a gefen na Turanci. Wanda kuma ba ya son canza kibod, a yawancin manhajoji yana iya danna Ctrl, Shift da U tare, ya buga lamba, ya danna Enter: 253 na ba da ɓ, 257 ɗ, 199 ƙ, 1b4 kuma ƴ da ake amfani da shi a rubutun Nijar. Manyansu su ne 181, 18a, 198 da 1b3. In harafin ya fito da siffa daban da sauran rubutun, salon da kake amfani da shi ne ba shi da shi; koma DejaVu ko Noto, dukansu suna ɗauke da su.