Kakar da ƙungiyata ta ɓace

Gola na tsare a makarantar sakandare, shekara uku, kuma har yau ɗan yatsana na hagu bai miƙe daidai ba. Shi ya sa idan ina kallon ƙwallon hannu, idona ba ya kan masu jifa kamar na kowa. Yana kan matar da ke tsaye a raga mai faɗin mita uku, wadda ake jifanta daga mita shida ko bakwai, ba ta da abin kare kai sai hannu da ƙafa, wani lokacin ma fuska. Ta haka na kamu da son Katrine Lunde, 'yar ƙasar Norwe, ta dalilinta kuma na zama 'yar gani-kashe-nin Vipers ta garin Kristiansand.

Ba ƙaramar ƙungiya na zaɓa ba. Vipers ta ɗauki Kofin Zakarun Turai na mata sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023. Na ƙarshen nan a Budafes aka yi shi, a zauren MVM Dome, ta doke Ferencváros a garinsu da ci 28 da 24, a gaban mutum fiye da dubu ashirin, taron da ba a taɓa ganin irinsa a ƙwallon hannun mata ba kafin ranar. Na kalla a waya, ina ihu ni kaɗai a ɗaki kamar wadda aka biya.

Sai kakar 2024/25 ta zo. Tsarin gasar ba wuya: ƙungiya 16, rukuni biyu na takwas-takwas, kowa ta yi wasa 14 gida da waje daga Satumba. Biyun farko a kowane rukuni su wuce kai tsaye zuwa zagayen 'yan takwas, na uku zuwa na shida su sake fafatawa, na bakwai da na takwas su tattara kayansu. Huɗun da suka tsallake zagayen 'yan takwas su haɗu a Budafes a gama komai cikin kwana biyu, Asabar da Lahadi.

Tun watan Oktoba aka fara jin ƙishin-ƙishin cewa asusun Vipers ya bushe. Aka ce za a rufe, aka dawo aka ce an samu masu ceto. Na saki jiki. A Janairun 2025 maganar ta tabbata: ƙungiyar ta karye, ta fice daga gasar ana tsakiyar wasannin rukuni. Ba a fitar da ita a filin wasa ba, ba wadda ta fi ƙarfinta ta kore ta. Kawai dai aka wayi gari babu ita. Na daɗe ina buɗe jadawali ina duba sunanta a ƙasan tebur, kamar mai leƙa gidan da mutanensa suka tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan wasan. Mata ne masu haya da iyali, waɗansu sun baro ƙasashensu, kuma a tsakiyar kaka kowace ƙungiya ta riga ta cika gurabenta. Haka suka watse, kowa ta kama inda ta samu. Lunde, wadda ta kusa cika 45 a lokacin, na ɗauka shi ke nan za ta rataye takalmi. Me ya rage mata? Kofin nan ta ɗaga shi sau bakwai, biyu da Viborg, biyu da Győr, uku da Vipers, ga zinaren Olamfik uku a gida. Sai ga ta a Odense ta Denmak.

To, ni ma sai na kwashi tabarmata na bi ta. Kada wanda ya ce mini butulu. Gidan ne ya rushe, ba ni na fita ba.

Odense ba ta taɓa kaiwa zagayen huɗun ƙarshe na Budafes ba kafin wannan kakar. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Metz ta Faransa, wadda ta zo ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Metz ta yi gaba da tazarar da har na ajiye wayar na tashi. Da na dawo tazarar ta ragu. A ƙwallon hannu haka abin yake: gola ta tare biyu a jere, a kori 'yar wasa ɗaya na minti biyu, kafin ka ƙifta ido an rama uku. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, Odense ta ci 31 da 29. Akwai abin da Lunde ke yi da nake so matasan gololi su lura da shi. Ba ta rawar jiki. Takan tsaya cak, ta bar mai jifa ta gama yanke shawara, sannan ta motsa. Mu a da, tun kafin ƙwallo ta bar hannu mun riga mun baje a ƙasa.

Washegari, 1 ga Yuni, aka yi wasan ƙarshe da Győr ta Hangari, kuma ba a yi abin mamaki ba. Győr ta ci 29 da 27, kofinta na bakwai ke nan, na biyu a jere. Ba na ƙin su, amma goyon bayan Győr kamar yi wa kogi addu'ar ruwa ne. Suna da benci da zai iya zama ƙungiyar farko a ko'ina, suna da kamfanin Audi a cikin sunansu ma.

A kakar nan ne kuma Cristina Neagu ta Romaniya ta yi ritaya, matar da aka zaɓa gwarzuwar duniya har sau huɗu. Ita aƙalla an yi mata ban kwana da tafi.

Ban gama hucewa ba sai ga wani labarin a tsakiyar 2025: Ludwigsburg ta Jamus, wadda ta buga wasan ƙarshe na 2024 da sunan Bietigheim, ita ma kuɗi sun ƙare mata, 'yan wasanta sun watse. Yanzu idan sabon jadawali ya fito, kafin in duba wa aka saya, sai na fara laluben wa ke biyan albashi. Rigar Vipers ɗin da na saya tana nan cikin akwati, ban san ranar da zan sake saka ta ba.