Ranar da manhajarmu ta cire wa wani uba kuɗi sau biyu

Wata shida na yi ina haddace salon tsara manhaja irin na manyan kamfanoni: Singleton, Factory, Observer, Adapter. Sunayen sun zauna daram a kaina, amma ban ga inda suke shiga ba sai da na kama aiki a wani ƙaramin kamfani mai gina manhajar biyan kuɗin makaranta.

Aikina shi ne rubuta API, wato hanyar da manhajoji ke magana da juna, da harshen Java da kayan aikinsa na Spring Boot. Buƙata za ta taso daga wayar iyaye, mu kuma mu miƙa ta ga kamfanin da ke cire kuɗi a banki. Salon aika saƙonmu ya bambanta: mu da REST da JSON muke aiki, su kuwa suna nan kan tsohon SOAP mai XML. A nan na fahimci Adapter: ashe tafinta ne. Na ware masa aji guda, wato sashe ɗaya a cikin manhajar, shi kaɗai ke jin yarensu, sauran manhajar babu ruwanta.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, da kuɗin wani na koye shi. Wani bawan Allah ya kira ofis, ya ce alat biyu ya gani kan kuɗin zango ɗaya. Na bi sawun saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Buƙatar farko ta isa, an cire kuɗin, sai sabis ya yanke kafin amsa ta dawo. Manhajar ta jira daƙiƙa 30, ta ji shiru, ta sake turawa. Ni na rubuta mata ta yi hakan, da niyyar kada biya ya maƙale.

Ogana bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, shiru ba a'a ba ne. Kai dai ba ka ji ba." Ya nuna mini cewa a ƙa'idar HTTP da ake aika buƙata da ita a intanet, maimaita GET (ɗauko bayani) ko PUT (maye gurbin bayani) ba ya sauya sakamako, amma POST, irin buƙatar da muke tura biya da ita, bai ɗauki wannan alkawari ba, sai mai gini ya tanadar masa.

Muka ba kowane biya lambar shaida tasa shi kaɗai, wato UUID, tun daga waya, muka sa rumbun bayananmu na PostgreSQL ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Idan ta sake zuwa, amsar farko ake mayarwa. Haka kamfanin biyan kuɗi na Stripe ke yi da lambar da yake kira Idempotency-Key. Muka kuma ƙara matsayi na uku tsakanin "an biya" da "ba a biya ba", wato "ana jira", kuma ba a sake turawa sai an tambayi ɗaya ɓangaren inda aka kwana.

An mayar wa mutumin kuɗinsa, amma sai da ya yi kwanaki yana jira, kuma na san ba rara ce gare shi ba. Tun daga ranar, duk abin da na gina, kafin in miƙa shi nakan katse intanet da gangan ana tsakiyar biya, in zauna in ga me zai yi.