Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yunwar da Take Kwantar Mini da Hankali

A makon jiya na tsaya a inda Inna ta gaji da rubutun sha da hayaƙi a kan ƙin cin abincin da nake yi, Yaya ya ɗauke mu daga gidanmu na Gwale zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Lokacin ƙashin wuyana ya fito, zani ba ya zama a ƙuguna, al'ada ma ta ɗauke.

Likitar ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, in kin ƙi cin abinci, me kike ji a ranki?"

Na ce sanyi nake ji. Fargabar da take cin ƙirjina tun ina ƙarama sai ta lafa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don a gida wasu sun ce taurin kai ne, wasu sun ce sammu.

Sai ta yi mana bayanin wani sinadari, serotonin. Jiki yana haɗa shi daga abin da yake samu a ƙwai, madara, nama, wake da gyaɗa. Kusan kashi 90 cikin 100 a hanji yake, ɗan wanda ke ƙwaƙwalwa kuwa yana da hannu a ƙoshi, barci da natsuwa. Ta ce masu bincike na ganin akwai waɗanda aikinsa ke yi musu yawa har ya koma fargaba. In sun bar ci sai ya ragu, su ji sauƙi na ɗan lokaci, jiki kuma yana ta lalacewa. Wallahi sai hawaye, don yau ga wadda ta gane ba da gangan nake yi ba.

Inna ta ce, "Likita, ko a ba ta sha-ka-fashe?"

Ta ce a'a, Hajiya. Wasu daga cikinsu toshe aikin serotonin suke yi don ci ya buɗe, amma ba sa taɓa tsoron da ya hana ni ci. Hatta fluoxetine, wani maganin damuwa da yake taimaka wa masu cika ciki su je su yi amai, ba ya wani tasiri ga wadda ta rame kamar ni. Don haka abinci za a fara da shi, kaɗan-kaɗan, ana auna jinina, domin ɗura wa mai tsohuwar yunwa abinci lokaci guda na iya taɓa zuciya.

Kunun gyaɗa aka fara kawo mini, rabin kofi. Yadda muka kwashe da Inna a kansa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.