Shang-Chi yana hannuna, amma kub takwas suka tafi

Duk wanda ya ɗan jima yana buga Marvel Snap, wasan kati na intanet da mutum biyu suke fafatawa a kan fili uku cikin zagaye shida, ya san aikin katin nan Shang-Chi. Makamashi 4 yake ci (da makamashi ake biyan sauke kati a kowane zagaye), da ya buɗe sai ya share duk katin abokin karawa da ƙarfinsa ya kai 10 ko ya wuce a wannan fili. Shi ne maganin masu taƙama da manyan kati. Abin da mutum ba ya riƙewa da kyau sai ya sha wuya shi ne, Shang-Chi ba ya taɓa katin da yake kife. Wanda ya riga ya buɗe kawai yake gani. Ni na san wannan a ka tun da daɗewa, amma sai da ya ci mini kub takwas, wato makin hawa matakai, a daren ƙarshe na kakar wasa, ina dab da matakin ƙoli na Infinite, sannan ya zauna mini daram. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Ga yadda allon yake bayan zagaye na biyar. Filin hagu Savage Land ne, wanda yake jefa wa kowane ɓangare ƙananan katin Raptor biyu. Mutumin ya ƙara kati biyu a can, gurabensa huɗu sun cika, ina gabansa da 10 da 7. A tsakiya ina da The Thing mai ƙarfi 6, na ɗora masa Iron Man ya ninka ya koma 12, shi kuwa yana da 5. A dama shi ke gaba, 11 da 7, saboda Sunspot, katin da ke ƙara ƙarfi da makamashin da ba a kashe ba, da ya ajiye tun zagayen farko. Ya danna Snap, maɓallin ninka kub ɗin da ake bugawa a kai, tun a zagaye na huɗu. A na biyar kuma bai sa ko kati ɗaya ba, ya bar Sunspot ya lashe makamashi biyar ɗin nan ya ƙara ƙiba.

Ba sai an yi duba ba. Mai Sunspot da ya zauna shiru a zagaye na biyar, The Infinaut yake shirin saukewa, katin nan mai ƙarfi 20 da ba ya fitowa sai in ba ka buga komai a zagayen da ya wuce ba. Kuma na san inda zai sa shi. Hagu ta cika, dama tasa ce, tsakiya kaɗai ta rage masa. Na duba hannuna, ga Shang-Chi mai ƙarfi 3, ga wani ƙaramin kati mai cin 2 da ƙarfi 3. Makamashi shida cif. Nan take na danna Snap nima, na zuba su duka biyu a tsakiya, na gyara zama.

Katunana suka fara buɗewa. Shang-Chi ya juyo, ya yi dukansa a iska, don babu abin da ya kai 10 a gabansa. Katin mutumin yana nan kife kusa da shi, bai ko motsa ba. Sai da nawa suka gama sannan ya juye: Infinaut. Tsakiya ta tashi ni 24, shi 25.

Maki ɗaya tak. Hasashena daidai, filin da na zaɓa daidai, katin da ya dace yana hannuna. Abu guda ne ban kalla ba: sunan da yake haske a saman allo. A wasan nan ku biyu kuke ajiye kati lokaci ɗaya, amma ba lokaci ɗaya suke buɗewa ba. Wanda yake gaba a filaye mafi yawa, nasa ne ke fara juyewa, kuma sunansa yana walƙiya tun farkon zagayen don kowa ya gani. Ina riƙe da fili biyu, don haka ni ne na farko. Wato gaban da nake da shi bayan zagaye na biyar, wanda nake murna da shi, shi ne ya zare wa Shang-Chi haƙora.

Abin da ya fi ci mini rai sai daga baya na gan shi, bayan na kwanta ina juya lissafin. Da na bar masa tsakiyar gaba ɗaya, na kai kati biyun nan dama, da ƙarfina ya tashi daga 7 zuwa 13. Shi kuwa Infinaut ya cinye makamashinsa shida duka, Sunspot ba zai ƙara ko ɗaya ba, yana nan a 11. Hagu tawa, dama tawa, wasa ya ƙare. Ba a buƙatar fili uku, biyu ake nema. Shang-Chi a ranar ba mai kisa ba ne, ƙarfi 3 ne kawai da ya kamata in kai inda ake buƙatarsa. Na maƙale wa abin da katin ya saba yi, na manta da abin da allon yake nema.

Tun daga nan, kafin in taɓa kowane kati a zagaye na biyar da na shida, sunan nan nake fara dubawa. Sannan in tambayi kaina, abin da ke hannuna so yake ya fara buɗewa ko ya zo a ƙarshe? Cosmo, alal misali, so yake ya riga kowa, domin in ya buɗe babu katin da zai iya yin aikinsa na lokacin buɗewa a filin. Armor, mai hana a rushe kati a filinsa, ma haka, yana buƙatar ya tsaya kafin mai rushewa ya iso. Shang-Chi, Killmonger da Enchantress kuwa, masu kai wa kati hari, in abin da kake hari bai sauka ba tukuna, dole ka zama na ƙarshe. In ya riga ya sauka yana zaune a fili, to lissafin ya juye: gara ka fara, kada a riga ka da Cosmo a rufe maka hanya.

Daga nan na koyi abin da da farko yake kama da hauka, wato jawo kai baya da gangan. In na ga jerin katin mutum irin na masu sauke ƙato a ƙarshe ne, kuma Shang-Chi yana hannuna, a zagaye na biyar ba na rige-rigen kama fili na biyu. Sai in ƙara ƙarfi inda na riga na ci, ko in ajiye katin da amfaninsa sai gaba, in bar shi ya ga kamar shi ke gaba. Ya buɗe ƙatonsa da farin ciki, nawa ya biyo baya. Masu buga wot a majalisa sun san wannan: ba ka jefa 20 don kawai tana hannunka, riƙe ta kake yi sai lokacin da za ta yanke wasa. Bambancin kawai, a nan har da wanda zai fara buɗewa kake sarrafawa.

Akwai kuma jerin da kai kanka kake ajiye katunanka. Yadda ka sa su, haka za su buɗe, ɗaya bayan ɗaya. In kati yana ƙara wa 'yan uwansa ƙarfi lokacin buɗewa, a ƙarshe ake sa shi. Wannan mai sauƙi ne, sai dai agogon zagaye yana tafiya, in intanet ta ɗan yi nauyi mutum yakan zuba su yadda suka zo hannu.

Sai maganar Snap ɗin da na danna. Kub ba kuɗi ba ne, maki ne na hawa matakai, amma su ne ainihin abin da ake bugawa a kai. Wasa yana farawa da ɗaya, zagayen ƙarshe ya ninka shi, kowane Snap ya sake ninkawa, har takwas. A daren nan, da na kalli sunana yana haske na janye, biyu kawai zan bari. Da ban danna komai ba na tsaya aka cinye ni, huɗu ne. Ni da hannuna na mai da su takwas, a daidai zagayen da dabarata ta riga ta mutu ban sani ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutumin da ya danna Snap a zagaye na huɗu sannan ya yi shiru a na biyar yana gaya maka ne cewa abin da yake jira ya shigo hannunsa. Kati 12 ne a jerin kowa, tara daga ciki ake gani kafin a tashi, don haka yawanci ba ƙarya yake ba.

Yanzu ba na jin kunyar janyewa ko kaɗan. Wanda yake barin ɗaya ko biyu in hannunsa ya lalace, ya kwashi huɗu ko takwas in ya yi kyau, zai hau ko da wasannin da ya ci ba su kai rabi ba. Kuma na daina ajiye Snap sai zagaye na shida. In hannuna ya haɗu tun na biyu ko na uku, a nan nake dannawa, lokacin da abokin karawa bai ga abin tsoro ba balle ya gudu. Snap na ƙarshe, in kana da gaskiya kora mutum yake yi, in ba ka da ita kuma ninka maka asara yake yi.

Ana sauya ƙarfin kati da farashinsu lokaci zuwa lokaci, don haka ku riƙa karanta abin da ke rubuce a jikin kati kafin ku dogara da lambobin da na kawo. Tsarin wanda ke fara buɗewa dai haka na same shi, haka yake tafiya. In filayen da kuke riƙe da su sun zo daidai, jimillar ƙarfi ce ke raba gardama, saboda haka ko ƙaramin kati mai ƙarfi 2 da ka jefa a zagaye na biyar don kada makamashi ya tafi a banza yana iya mai da kai na farko. In Shang-Chi kake tanadi, bar makamashin ya tafi.