Tana ji, amma ba halin motsi

Yau aka yi sunan jaririn ƙanwata a Tudun Wada, wanda aka ciro ta tiyatar gaggawa. Gida ya cika, ana ta guɗa ana miƙa yaro hannu-hannu, ita kuwa mai jego shiru. Da ɗaki ya rage mutane ta kamo hannuna ta ce, "Yaya, wallahi na farka ana tsakar aikin. Ina jin maganarsu, ina jin ana jan cikina, na so in yi ihu amma ko fatar idona ta ƙi ɗaguwa." Goggo ta ce mafarki ne, a yi mata tofi. Ni kam jikina ya yi sanyi, don abin yana faruwa. Ban da maganin barci akwai allurar da ke saki tsokar jiki don a zura bututun numfashi. In barcin bai yi nauyi ba alhali allurar na aiki, mutum na ji amma kamar an ɗaure shi.

Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya samu kusan mutum 1 cikin 19,000 da aka yi wa tiyata da maganin barci ne ke ba da irin wannan labari, amma a tiyatar haihuwa da aka yi da maganin barci kusan 1 cikin 670, saboda sauri da kuma taka-tsantsan kada maganin ya yi wa jariri yawa. Tiyatar zuciya, ƙiba da wahalar zura bututu ma suna ƙara haɗarin. Na ce wa ƙanwata jibi zan raka ta wurin likitan. Har Keke ya sauke ni a Kawo ina tunanin kwana bakwai tana ɗauke da wannan, mu kuwa muna ta tambayar lafiyar yaro.