Gilashin da na saya don hoton kokowa

Da na fara ɗaukar hoton kokowa a filin Langa-Langa na nan Damagaram, babbar lamba kawai nake bi. Na ga gilashin kyamara an rubuta masa 70-300, wato lambar nisan da yake jawowa, na ce shi ke nan, wannan zai jawo mini ɗan kokowa har gabana. Ko ciniki ban tsaya yi ba.

Da la'asar abin gwanin sha'awa. Ina can gefen fili amma ina ƙirga layun damtsen mutum. Sai dai manyan 'yan kokowa ba sa shiga da wuri. Sai an sha kiɗa da kirari, rana ta yi ja, ga hazon hunturu, ga ƙurar da ƙafafu ke tayarwa. Gilashina kuwa in ya kai 300 ba ya buɗewa fiye da f/5.6, wato ma'aunin faɗin ƙofar da haske ke shiga; in lambar ta ragu, hasken ya ƙaru. Shi kaye kafin ƙiftawa da bisimilla ya wuce, in saurin ɗauka bai kai 1/1000 na daƙiƙa ba, mutum inuwa yake komawa. Na yi ta ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, har hoton ya zama kamar an watsa masa yashi. Kayen da fili ya kaure da ihu a kansa, ni ƙafa uku da ƙura na samu.

Wani dattijo mai hoto da ke kusa da ni ya leƙa ya ce, "Ɗana, tsawo ka saya, ka bar haske a kanti." Ya miƙo mini nasa, 70-200 mai f/2.8. Hasken da yake sha ya ninka na nawa sau huɗu.

Sai da na yi tari kafin na sauka Kano na samo na hannu. Na haska tocila cikinsa ina neman ƙura da karce, na kuma gwada saitinsa a kan 'yan Adaidaita Sahu masu wucewa, mai kanti na ta dariya. Nauyi kam akwai, wajen kilo ɗaya da rabi, dole na haɗa da sandar dogarawa. Gajartar da nake tsoro ba ta dame ni ba, don a kyamarata ta Canon, mai ƙaramin allon ɗaukar hoto, 200 kamar 320 yake gani. Kuma gilashin ba ya miƙewa in ka juya shi, ballantana ya zuƙi ƙura.

Tsohon gilashin ban sayar ba. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, rana tsaka, shi nake ratayawa.