Saƙon godiya ga Juan Carlos Ferrero

Koci Ferrero, sannu da aiki. Tunda aka sanar a Disambar 2025 cewa kai da Carlos Alcaraz kun raba gari, mu masu koyar da yara tanis muka ga ya dace mu gode maka a bainar jama'a.

Ka ci Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faris, a 2003, ka zama na ɗaya a duniya a shekarar, ka ajiye raket a 2012. Mai suna irin naka manyan 'yan wasa yake nema, kuma ka ɗan taɓa da Alexander Zverev, abin bai yi tsawon rai ba. Sai ga shi a 2018 ka ɗauki Alcaraz yana yaro ɗan shekara 15 zuwa makarantarka ta Villena a Sifaniya, kana bin sa ƙananan gasanni.

Babbar godiyarmu ita ce ba ka kashe wa yaron hannu ba. Koci da yawa in suka ga yaro yana yawan sakin ƙwallo a gindin raga, hana shi suke yi. Kai lokacinta ka nuna masa: sai bugun dama mai nauyi ya kora abokin karawa can bayan layi, sannan a sake ta. In aka sake ta mutum yana tsaye a kan layi, taku uku ya iso, maki ya tafi a banza.

Sabis kuwa, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, a hankali kuka bi shi. A farkon 2025 kun ƙara giram 5 a wuyan raket, kun rage 'yar tsayawar da hannu ke yi kafin ya hau sama.  A US Open ta shekarar, sau 3 kacal aka karya masa sabis (wato aka ci shi alhali shi ke bugun sabis) a wasa 7.

Ba mu manta Roland Garros ta 2023 ba, ranar da fargabar karawa da Novak Djokovic ta sa jijiyoyin Alcaraz suka ɗaure a zango na uku. Shekara biyu bayan nan, a fili ɗaya, ya yi awa 5 da minti 29 da Jannik Sinner, sau 3 kofi na gab da kuɓuce masa, ya ƙwato abinsa.

Manyan kofuna 6 kuka ɗaga tare. Mun gode, Allah ya huta gajiya.